Ko Ƙarya Za A Yi, A Fara Tambaya

A ɗaya daga cikin zaman karatu da muke yi duk wata, wani matashin ɗan'uwanmu ya karanta mana gajeren labarinsa a kan wani yaro da ya shiga kumbo ya nufi duniyar wata. Hausarsa ta yi daɗi, zubin labarin ma ba laifi, har aka kai inda zafi ya ishi tauraron nasa, sai ya zuge taga don ya sha iska. Da aka zo sharhi, wata daga cikinmu ta tambaye shi cikin ladabi, "Malam, wace iska ce a can?" Kafin ya buɗe baki, wani babba a cikinmu ya tare masa, wai ai ƙagaggen labari ne, marubuci yana da ikon ya sa iska duk inda ya ga dama. Da ta kawo misali da wani fim na katun da ta kalla tare da 'ya'yanta, sai aka kwashe da dariya, aka ce mun taru don adabi, ita kuma tana kawo mana wasan yara.

To, wannan dariyar ce ta sa muka ɗauki alƙalami. Mun daɗe muna fakewa da kalmar "ƙirƙira" don mu guje wa wahalar bincike, kuma mun daɗe muna raina katun alhali masu yin sa sun fi yawancinmu girmama mai kallo. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Fim ɗin da 'yar'uwar tamu ta ambata shi ne Lightyear, wanda kamfanin Pixar na Amurka ya fitar a 2022, Angus MacLane ya ba da umarni. Tauraronsa, Buzz Lightyear, ya fara fitowa ne a matsayin ɗan tsana a fim ɗin Toy Story na 1995, kuma sunansa an aro shi daga Buzz Aldrin, mutum na biyu da ya taka duniyar wata a 1969. Ɗan tsanan ma kansa ya je sama da gaske: a ƙarshen Mayun 2008 hukumar NASA ta sa guda a kumbon Discovery zuwa tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, ya yi fiye da wata 15 a can, ya dawo a Satumban 2009, kuma a 2012 aka miƙa shi ga gidan tarihin jirage da kumbuna na Smithsonian da ke Washington.

Ba tallar fim muke yi ba. Bai yi kasuwa yadda masu shi suka zata ba, kuma hukumomin tace fina-finai na ƙasashe da dama, ciki har da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, sun hana nuna shi saboda wani fage da ba su amince da shi ba. Wannan mahawara ce daban. Abin da ya shafe mu a matsayin marubuta shi ne yadda aka gina labarin. Kafin su zauna zane, masu fim ɗin sun je cibiyar horar da 'yan sama-jannati ta Johnson da ke Houston, sun ga kayan da ake sawa da wuraren atisaye, sun kuma nemi shawarar Tom Marshburn, likita kuma ɗan sama-jannati wanda ya je sama sau uku. Mutanen da za su zana kyanwar ƙarfe mai magana ke nan, amma ba su ga girmansu ya faɗi ba don sun tambayi wanda ya sani.

Ga abin da tambayar ta haifar. A cikin labarin, Buzz ya yi kuskuren da ya sa jirginsu ya maƙale a wata duniya mai nisa tare da ɗimbin jama'a. Don ya gyara ɓarnarsa, sai ya riƙa gwada wani makamashi da zai ba su gudun komawa gida. Gwajin farko minti huɗu ya ɗauke shi, amma da ya sauka sai ya tarar shekara huɗu ta wuce wa waɗanda ya bari. Bai haƙura ba. Ya sake tashi, ya sake, kullum ya dawo abokiyar aikinsa Alisha ta ƙara manyanta: ta yi iyali, ta yi furfura, ta yi jika, shi kuwa yana nan yadda yake. Bayan fiye da shekara 60 a lissafin mutanen ƙasa, wata rana ya dawo ya sami ofishinta wayam, sai saƙon bankwana da ta naɗar masa kafin ta rasu.

Wannan fagen shi ne zuciyar fim ɗin, kuma daga ilmin kimiyya aka ciro shi. Tun 1905 Albert Einstein ya nuna cewa agogon abin da ke tsananin gudu yana tafiya a hankali idan aka gwada shi da na wanda aka bari a baya, kuma bambancin yana ƙaruwa gwargwadon kusantar gudun haske, wato kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. An gwada an gani. A 1971 masana biyu, Hafele da Keating, sun ɗora agogunan atam a jiragen fasinja suka kewaya duniya, agogunan suka dawo da saɓani da waɗanda aka bari a ƙasa. Taurarin ɗan'adam na GPS, waɗanda wayar da ke aljihunmu take dogara da su, agogonsu yana ɗara na ƙasa da kimanin kashi 38 cikin miliyan na daƙiƙa kowace rana, idan aka haɗa tasirin gudu da na raguwar ƙarfin jan ƙasa a can sama. Da ba a gyara wannan lissafi ba, kuskuren taswira zai riƙa ƙaruwa da wajen kilomita 10 a kullum.

Sai dai masu fim ɗin sun zuƙa, zuƙi kuwa ba ƙarami ba. Minti ɗaya ya zama shekara ɗaya yana nufin ninki 525,600, abin da ba zai yiwu ba sai a gudun da ya kusa cim ma na haske. Tashar sararin samaniya, da ke gudun kusan kilomita 28,000 a awa, ko kusa ba ta kai nan ba. Ɗan sama-jannatin Rasha Sergei Krikalev ya yi jimillar kwana 803 a sama, amma ribar ƙuruciyar da ya samu ba ta wuce kashi ɗaya cikin 50 na daƙiƙa ba. Ashe ke nan ƙarya suka yi? Ƙwarai kuwa, amma ƙarya ce ta wanda ya san gaskiya. Sun san inda dokar ta dosa, suka ja ta gaba har ta kai inda za ta taɓa zuciya. Ɗan'uwanmu da ya zuge taga bai san akwai wata doka ba balle ya ja ta. Bambancin mai ƙirƙira da mai kuskure ke nan, kuma mai karatu yana gane shi ko da bai iya faɗa ba.

Shi wannan Krikalev ɗin ma ya ɗanɗana irin abin da Buzz ya gani, ba tare da gudun haske ba. Ya tashi zuwa tashar Mir a Mayun 1991 yana ɗan Tarayyar Sobiyat. Yana can sama ƙasar ta wargaje a Disamba. Da ya sauko a Maris na 1992, bayan kwana 311, ƙasar da ta tura shi babu ita, Kazakistan inda ya sauka ta zama ƙasa mai cin gashin kanta, garinsu Leningrad ma an mayar masa da sunansa na da, St. Petersburg. Wane marubuci ne zai ƙago abin da ya fi wannan? Ga shi kwance a tarihi, yana jiran mai tambaya.

Mun san amsoshin da za a ba mu, don mun sha jin su. Na farko za a ce su masu kuɗi ne, mu kuwa da ƙyar muke biyan maɗaba'a. Gaskiya ne. Amma nawa ake biya kafin a yi sallama da malamin kimiyya a Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello, ko ma malamin sakandaren unguwa, a tambaye shi ko akwai iska a hanyar wata? Matambayi ba ya ɓata. Kuma cutar ba a labarin kumbo kaɗai take ba. Sau nawa muka karanta likitan da ya gano ciwo daga kallon ido, ko alƙalin da ya yanke hukuncin kisa a zama ɗaya, ko matafiyin da ya sauka Landan ya tarar da komai kamar Sabon Gari? Asibiti da kotu suna nan a bakin ƙofarmu, ba Houston ba ne, amma ƙyuya ta hana mu leƙawa.

Na biyu za a ce tatsuniya ba ta taɓa neman bincike ba, ga Gizo nan yana magana da Ƙoƙi. To, kakanninmu da suka tsara tatsuniya sun san kura ciki da bai, sun san kwaɗayinta da tsoronta, shi ya sa ba ka taɓa jin ta a labari tana kyauta da nama. Dawa ita ce ɗakin bincikensu. Mu da muka zaɓi mu kai mai karatu sama, wajibi ne mu san saman kamar yadda suka san dawa.

Na uku za a ce wannan harka ta Turawa ce, me ya haɗa Bahaushe da kumbo? Wannan ita ce amsar da ta fi ba mu takaici. A farkon shekarun 1960 NASA tana da tashar bibiyar kumbo a Kano, kuma ranar 20 ga Fabrairun 1962, lokacin da John Glenn ya kewaya duniya sau uku, ya yi magana da wannan tasha daga sama. A 1969, shekarar da aka sauka a wata, kamfanin NNPC na Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin yaro Kilba da baƙonsa daga sama. A 1999 Nijeriya ta kafa hukumar sararin samaniya, a 2003 aka harba mata tauraron ɗan'adam na farko, NigeriaSat-1. Hanya an share mana ita tuntuni, mu ne muka bari ta yi ciyawa. Ina labarin masinjan tashar Kano da ya ji muryar mutum tana saukowa daga sama? Wa ya hana mu rubuta shi?

Asarar ba ƙarama ba ce. Yaron da ya kalli katun a wayar babarsa ya riga ya san ba a zuge tagar kumbo. Ranar da ya buɗe littafinmu ya tarar an zuge ta, zai rufe, kuma abin da zai ɗauka shi ne Hausa ba ta iya ɗaukar ilmi, sai soyayya da aljanu. Ba littafi ɗaya muka rasa ba ke nan, mun rasa mai karatu, harshen kuma ya rasa kalmomin da ya kamata mu ne za mu ƙera masa.

Saboda haka muna ba wannan ƙungiya shawara biyu. Duk wanda zai karanta labari a zamanmu, a tambaye shi wa ya tuntuɓa kafin ya rubuta, kuma kada wani babba ya tare masa. Sannan sau ɗaya a kowane wata uku a gayyato mana mai sana'a, ko likita, ko lauya, ko matuƙin jirgi, ko malamin taurari, mu zauna mu yi ta tambaya kamar 'yan firamare. Shi kuwa ɗan'uwanmu mai labarin wata, kada ya yaga takardunsa. Ya je ya tambayo abin da ake yi idan zafi ya ishi mutum a cikin kumbo. Muna da yaƙinin amsar da zai samo za ta fi tagar nan daɗin karantawa, muna kuma jiran sa da ita a zama mai zuwa. Allah ya sa mu gyara.