Kama da wane ba ta wane: karatun sunayen wayar walda

A kasuwar Katako ta birnin Yamai, haka nan a wajen masu saida tsofin ƙarafa na Maraɗi da Damagaram, akan ci karo da naɗin wayar walda wadda ta shekara da shekaru cikin mangaza. Takardar da ke jikinta ta koɗe, sai wani suna ko ƴan haruffa suka rage. Araha takan ja mai walda ya saya. Amma in ya haɗa gindin amalanke da wayar da ba ta dace ba, ranar da haɗin ya ɓalle a bisa hanya, rai ne a ciki.

Sunan da kamfani ya laƙa wa waya suna ne na kasuwa, kuma kamfanoni suna canza hannu. SAF da Oerlikon, waɗanda aka sani a ƙasashe masu amfani da Faransanci, sun koma hannun Lincoln Electric na Amurka a shekarar 2017. Haruffan OK na kayan ESAB kuwa ba shaidar inganci ba ne: farkon sunan Oscar Kjellberg ne, wanda ya kafa kamfanin a ƙasar Suwidin a 1904. Abin dogaro shi ne lambar ƙa'ida, domin ita ke faɗin irin ƙarfen da ke cikin wayar.

Wayar baƙin ƙarfe da Jamusawa suka kira SG2, yau G3Si1 ake rubuta ta a Turai, takwararta a Amurka kuwa ER70S-6. OK Autrod 12.51 cikin wannan dangi take. A wajen alminiyom, tsohon rubutun Faransa AS5 shi ne 4043, mai silikon wajen kashi 5 cikin 100. AG5 kuwa 5356 ne, mai magneziyom. Ta biyun ta fi ƙarfi, amma ba a son ta a abin da zai daɗe cikin zafin da ya wuce digiri 65. A wajen inoks, 308L ta aikin yau da kullum ce, 316L tana da molibden don jure gishiri, 309L kuma ita ake haɗa inoks da baƙin ƙarfe da ita.

In rubutu ya ɓace sarai, hannu da ido suna ɗan taimakawa. Maganaɗisu yana cafke wayar baƙin ƙarfe, wadda galibi ake shafe ta da jan ƙarfe. Ba ya kama alminiyom, inoks kuma sai kaɗan-kaɗan. Sai dai ba zai raba 308L da 316L ba.

Saboda haka wayar da ba a san asalinta ba, a bar ta ga aikin da ba ya ɗaukar nauyi. Wanda ya buɗe sabon kwali kuma, ya adana takardarsa har wayar ta ƙare.