TAGA MA TA GAGARI TALAKA

Ya ku 'yan'uwa talakawa, Allah bai sa wa iska kuɗi ba, amma a ƙasar nan sai mai hali ke shan ta a ɗakinsa. Ku je Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ku taya ƙarfen taga ɗaya ku ji. Bayan ƙarfe ga gilashi, ga ladan mai walda, ga siminti, ga magini, ga ɗan dako. Magidanci ya haɗa lissafi, sai ya koma gida ya toshe ramin da buhu ko tsohon kwano.

Kada mu zagi ɗan kasuwa ko mai walda, bulala ɗaya ke dukanmu. Ran 29 ga Mayu 2023 gwamnati ta janye tallafin man fetur, a watan Yuni ta saki Naira. Dalar da ake sayarwa wajen Naira 460 a hukumance ta haura 1,500 cikin shekarar 2024. Mai walda kuwa da janareta yake aiki, kuɗin mai a kan tagarka zai hau. Ina masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta da aka fara tun 1979? Ta haura shekara 40 ba a gama ta ba!

In bazara ta zo, ɗaki cunkushe babu iska shi ne gidan sanƙarau, kuma 'ya'yanmu yake ɗauka. Su manya suna kwance cikin sanyin na'ura.

To jama'a, kowa ya adana katin zaɓensa. Ranar ƙuri'a mu tuna da buhun nan da ke bangonmu.