A Bari Mai Fim Ya Faɗa da Bakinsa



A wannan makon mun zaɓi mu yi magana a kan musun da ya addabi ajujuwanmu, wato musun wa zai fito a fim kaza da wa aka cire daga fim kaza. Da wuya a fita tara ba ka ji ana wannan gardama a gindin bishiya ko a wajen masu awara ba. Wani lokaci da dariya ake watsewa. Wani lokaci kuwa sai an kai ga zagi, har abokai su yi kwana biyu ba sa gaisawa. Ra'ayinmu shi ne, son fim ba laifi ba ne, amma ɗaukar jita-jita a yaɗa ta kamar gaskiya mugun hali ne, kuma mu 'yan bakin boda mun fi kowa bukatar mu guje shi.

Bari mu fara da fim ɗin da ya fi jawo surutu, Kalki 2898 AD. Fim ne na Indiya da aka yi da harshen Telugu, ya fito ranar 27 ga Yuni 2024. Nag Ashwin ne ya ba da umarni, kamfanin Vyjayanthi Movies ya shirya. Yana cikin finafinan almarar kimiyya, masu nuna mutum-mutumi da motoci masu tashi da yadda duniya za ta koma nan gaba. Labarinsa ma a shekarar 2898 aka ɗora shi. A ciki akwai Prabhas, wanda da yawanmu Bahubali muke ce masa, da dattijo Amitabh Bachchan, da Kamal Haasan a matsayin bos, sai Deepika Padukone wadda ta fito a matsayin Sumathi, mace mai ciki da ake farauta. Fim ɗin ya tsaya ne a tsakiyar labari, shi ya sa kowa ya zura ido yana jiran kashi na biyu.

Ranar 18 ga Satumba 2025 kamfanin ya fitar da sanarwa a shafinsa cewa Deepika ba za ta fito a kashi na biyu ba. Wannan tabbas ne, domin mai abu ne ya faɗa. Sanarwar gajera ce. Ba ta ambaci kuɗi ba, ba ta kuma kira sunan wadda za ta maye gurbinta ba. To amma daga nan sai labarai suka ɓarke. Yau a ce Priyanka Chopra ce, gobe a ce Alia Bhatt, jibi a ce Sai Pallavi. Matsayi ɗaya, mata uku! Ko ɗan aji ɗaya ya san ba zai yiwu duka su zama gaskiya ba. Amma kowane ɓangare a makarantar nan sai ya riƙe nasa yana rantsuwa. In ka tambayi mutum ina ya ji, sai ya ce a wayar yayansa ya gani, ko kuma mai shagon caji ne ya faɗa masa.

Haka abin yake da Krrish. Jerin ya fara ne da Koi Mil Gaya a 2003, wanda a cikinsa baƙon halittar nan Jadu ya sauko daga sararin samaniya. Sai Krrish a 2006, sai Krrish 3 a 2013. Babu wani fim mai suna Krrish 2, domin Koi Mil Gaya aka lissafa a matsayin na farko. Duk da haka akwai masu rantsuwa cewa sun kalle shi. Tun 2013 ake cewa Krrish 4 ya kusa fitowa, lokacin da yawanmu muna goye. Abin da ya tabbata shi ne, a watan Maris 2025 Rakesh Roshan ya bayyana cewa ɗansa Hrithik Roshan ne zai ba da umarnin na huɗun, tare da kamfanin Yash Raj Films. Shekara goma sha biyu ke nan tsakanin fim na uku da wannan sanarwa. A cikin waɗannan shekarun an liƙa wa fim ɗin jarumai barkatai, an yi masa hotunan talla iri-iri, alhali ko fara ɗauka ba a yi ba.

Su wa ke ƙirƙirar waɗannan labarai, kuma me suke samu? Amsar ita ce kuɗi. Mai tashar YouTube ko shafin Facebook yana samun kuɗin talla gwargwadon yawan waɗanda suka kalli abin da ya ɗora. Idan ya rubuta cewa har yanzu kamfani bai ce komai ba, babu mai dannawa. Idan kuwa ya sa hoton jarumar da ake so ya rubuta cewa an tabbatar, dubbai za su shiga. Yanzu ma abin ya ƙara sauƙi, saboda da ƙirƙirarriyar basira ana iya ɗora fuskar kowa a jikin kowa, a haɗa guntayen tsofaffin finafinai a kira shi tallar sabon fim. A 2025 kamfanin YouTube da kansa ya dakatar da kuɗin talla na wasu manyan tashoshi biyu, Screen Culture da KH Studio, saboda irin wannan tallar jabu. Kafin bidiyon ya iso Mazanya ya bi ta hannu goma. An tura shi ta WhatsApp, an sauke a shagon tura finafinai, an zuba a memori, an watsa ta Xender. Sunan wanda ya haɗa shi ya ɓace a hanya. Shi yana can ya karɓi kuɗinsa, mu kuma an bar mu muna kumfar baki a kan abin da bai taɓa faruwa ba.

Abu na biyu da ke damun mu shi ne zagi. Da aka ce Deepika ta bar Kalki, nan da nan wasu suka yanke hukunci cewa kwaɗayi ne ko girman kai. Wa ya shiga ɗakin da aka yi cinikin? Babu ko ɗaya daga cikinmu. Wani zai ce ai tana can Indiya, ba ta jin Hausa, zagin ba zai same ta ba. Amma zagin 'yan kallo ya taɓa cutar da 'yan wasa na gaske. John Boyega, wanda aka haifa a Landan kuma iyayensa 'yan Nijeriya ne, ya fito a Star Wars na 2015. Tun daga tallar fim ɗin wasu suka yi masa ca saboda kawai baƙar fata ne. Kelly Marie Tran, wadda ta fito a Star Wars na 2017, sai da ta goge hotunanta na Instagram a 2018 saboda cin mutuncin da aka yi ta yi mata. Duk wanda ya ji haushin abin da aka yi wa Boyega, bai kamata a same shi yana zagin wata jaruma don ba ita yake so ba.

Ba sai mun je nesa ba ma. A nan gida mun ga abin da ya faru da shirin Labarina na darakta Aminu Saira. Nafisa Abdullahi ce ta fara fitowa a matsayin Sumayya. A 2022 ta bar shirin, daga baya Fati Washa ta karɓi matsayin. Iyayenmu mata da yayyenmu sun yi ta muhawara, wasu har suka ce sun daina kallo. Amma shirin bai tsaya ba. Su kuwa waɗannan jarumai Hausa suke ji, suna karanta abin da ake rubutawa a kansu, suna da iyaye da 'yan uwa masu karantawa. Magana zarar bunu ce.

Mun san abin da wasu za su ce. Za su ce ai fim ne kawai, wasa ne, don me ƙungiyar 'yan jarida za ta ɓata takarda da tawada a kansa? Wasu kuma za su ce ɗan kallo yana da 'yancin faɗin wanda yake so. Mun yarda da wannan na biyun ɗari bisa ɗari. Idan ka ce kai Sai Pallavi ce ta fi dacewa a wajenka, ra'ayinka ne, babu mai hana ka. Lokacin da Chadwick Boseman, jarumin Black Panther, ya rasu a watan Agusta 2020, masoya sun rabu biyu. Wasu sun nemi a ba wani matsayin Sarki T'Challa, wasu suka ce a bar shi don girmama mamacin. Kamfanin Marvel ya zaɓi kada ya maye gurbinsa a fim na biyu da ya fito a 2022. Wannan muhawara ce mai ma'ana, domin kowa ya san ra'ayi yake faɗa. Inda gizo ke saƙar shi ne a ce "ina so a saka wance" ya rikiɗe ya koma "an saka wance". Na farko buri ne, na biyu labari ne, kuma labari sai da shaida.

Su kuma masu cewa wasa ne kawai, ga amsarmu. Hali zanen dutse ne. Yaron da ya saba tura labarin fim ba tare da tambayar tushensa ba, haka zai yi da kowane labari idan ya girma ya mallaki wayarsa. Mu kuwa a ƙaramar hukumar Jibiya muke, inda labari ke iya hana mutum barci ko ya jawo masa asara. A watan Agusta 2019 aka rufe iyakokin ƙasar nan na tudu, kuma bodar Jibiya ba a buɗe ta ba sai a watan Afrilu 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka sake rufewa, sai a watan Maris 2024 Nijeriya ta ba da umarnin buɗewa. Kowa a nan yana da dangi ko abokin ciniki a Ɗan Isa ko Maraɗi. A irin waɗannan lokutan, ɗan kasuwar da ya ji ƙishin-ƙishin an buɗe hanya ya ɗauko kaya zuwa Magama, in labarin ƙarya ne shi zai biya kuɗin mota zuwa da dawowa. A watan Satumba 2021, muna firamare, aka katse layukan waya a Jibiya da wasu ƙananan hukumomin Katsina saboda matsalar tsaro. Duk mun tuna yadda labari ya koma daga baki sai baki. Kuma mun san abin da kalmar "ga su nan" take yi a gari irin namu. Mata su ɗauki yara, 'yan kasuwa su bar kaya, a yi ta gudu. Idan gaskiya ce, ta ceci rai. Idan ƙarya ce, an ji rauni a banza, kuma gobe in gaskiyar ta zo wasu ba za su yarda ba.

Shi ya sa muke ganin labarin fim shi ne wurin da ya fi dacewa mu koyi tantancewa, tunda a nan kuskure ba ya cin rai. A Islamiyya ma an karantar da mu a Suratul Hujurat cewa a binciki labari kafin a yi aiki da shi. Muna ba da shawarar tambayoyi uku, duk lokacin da wani ya kawo maka labarin jarumi. Na farko, wa ya faɗa? Idan kamfanin fim ne ko darakta ko shi jarumin a shafinsa, ko gidan jarida da aka sani kamar BBC Hausa ko Aminiya, to da sauƙi. Idan kuwa "an ce" ne, a ajiye shi gefe. Na biyu, yaushe aka faɗa? Sau da yawa tsohon bidiyo ne ake sake turowa kamar sabo. Na uku, me mai faɗar zai samu idan ka yarda? Wanda ke neman a danna masa ba zai damu da gaskiya ba. Idan labari ya kasa tsallake waɗannan tambayoyi, kada ya wuce kunnenka. Cewa "ban tabbatar ba" ba abin kunya ba ne.

Muna kuma roƙon yayyenmu masu shagon caji da tura finafinai, tunda ta hannunku yawancin abin da muke kalla yake biyowa, idan kun san tallar jabu ce ku gaya wa mai saye. Su ma malamanmu muna roƙon su ba mu ɗan lokaci a darasin kwamfuta a nuna mana yadda ake gane shafin kamfani na gaskiya daga na bogi.

Game da wadda za ta zama Sumathi da waɗanda za su fito a Krrish 4, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ranar da masu fim suka faɗa, kuma muka tabbatar, za mu liƙa shi a nan. Kafin nan duk mai ra'ayi a kan jarumar da ta fi dacewa ya rubuto a takarda, ya sa ajinsa, ya miƙa wa kowane ɗan ƙungiya kafin ranar Alhamis. Za mu liƙa waɗanda babu zagi a cikinsu a fitowa ta gaba.

Allah ya ba mu zaman lafiya a garinmu, amin.

Daga wakilan aji biyu, Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta.