Takardar Kwangilar Tarayya: Shafukan da ke hana 'yan kasuwar Dei-Dei barci

Duk wanda ya bi hanyar Kubwa zuwa Zuba ya san kasuwar kayan gini ta Dei-Dei: rodi, siminti, kwanon rufi da tayil, ga layin 'yan katako, ga kara ta dabbobi. Kaya masu yawa da ke fita daga nan ayyukan gwamnati suke nufa, kuma ba duka ake biya nan take ba. Ɗan kwangila zai zo da takardar ba shi aiki mai tambarin ma'aikata, ya ce a ba shi kaya, idan an biya shi ya biya. Ɗan kasuwa ya ga tambari, ya loda mota.

A ƙarshen 2025 an ga inda wannan amana take kai mutane. Ƙungiyar 'yan kwangilar cikin gida, AICAN, ta yi ta zanga-zanga a Ma'aikatar Kuɗi da ƙofar Majalisar Tarayya kan kuɗin ayyukan 2024 da aka gama ba a biya ba. Ba a ga 'yan kasuwa riƙe da kwalaye ba, amma bayan kowane ɗan kwangila akwai masu shago da ke jiran kuɗin kayansu.

Wannan ba maganar Abuja kaɗai ba ce. Mutanenmu a Mile 12, Agege, Sabon Ibadan, Lokpanta da Fatakwal suna ba masu kwangilar ciyar da makarantun tarayya, asibitoci da gidajen gyaran hali shinkafa, wake da shanu, sau da yawa bashi. Doka ɗaya ce ke mulkin waɗannan kwangiloli, wato Dokar Sayen Kayan Gwamnati da Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa wa hannu a Yunin 2007, wadda ta kafa hukumar BPP. Ita BPP ke fitar da fom na bai ɗaya da ma'aikatu ke amfani da shi. Kashi na farko sharuɗɗa ne na gama-gari, ba a taɓa su. Kashi na biyu sharuɗɗa ne na musamman, inda ma'aikata ke cike gurabe: yaushe za a biya, nawa za a riƙe, ko farashi zai iya canzawa. Nan kuɗinka yake, kuma nan ne mutane ba sa karantawa.

Mu fara da kuɗin kafin alƙalami. Dokar 2007 ta ce kada ya wuce kashi 15 cikin ɗari, sai Dokar Kuɗi ta 2020 ta ɗaga shi zuwa kashi 30 ga kamfanonin gida. Amma "ana iya bayarwa" doka ta ce, ba "dole" ba, kuma sai an kawo lamunin banki ko na inshora. Wanda bai samu ba, da me zai fara aiki? Da kayanka. Ke nan kai ne bankinsa, ba tare da an tambaye ka ba.

Sai maganar jinkiri. Sashe na 37 ya ce duk kuɗin da ya haura kwana 60 bayan an miƙa takardar neman biya da shaidar aiki ya zama biyan da aka jinkirta, kuma dole kwangila ta faɗi ruwan da za a ɗora. Da yawa cikinmu ba za su taɓa kuɗin ruwa ba, wannan daban. Abin lura shi ne agogon ba ya fara tafiya ranar da aka sauke rodi. Sai an duba aiki an sa hannu, kuma fayil na iya yin watanni a kan tebur guda. Ko an biya ɗin, a aikin gini akan riƙe wani kaso, galibi kashi 5, har wa'adin gyaran kurakurai ya cika.

Sharaɗin da ya fi cin mutane shi ne na tsayayyen farashi. Gajerun kwangiloli yawanci a kan farashin ranar tanda ake ƙulla su. Wanda ya sa farashi kafin a cire tallafin mai a Mayun 2023 a kuma saki naira a watan Yuni, ya wayi gari a farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000, har gwamnati ta zauna da kamfanonin siminti a Fabrairu aka yi maganar naira 7,000 zuwa 8,000. Idan takarda ba ta da sharaɗin daidaita farashi, asarar ta ɗan kwangila ce. Shi kuwa ba zai haɗiye ta shi kaɗai ba: zai biya ka rabi, ya ce ka yi haƙuri.

Kuma gaskiya mai ɗaci: ɗan kasuwa ba ya cikin yarjejeniyar. Ba zai kai ma'aikata kotu ba, don ba da shi ta ƙulla ba. Lamarin ya fi muni idan takardar saye aka yi, kamar yadda ake cinikin kwangila hannu zuwa hannu a Abuja. Fom ɗin ya hana miƙa aiki ga wani ba da rubutaccen izini ba, kuma asusun kamfanin da sunansa ke takarda kuɗin zai shiga, ba na wanda ya karɓi kayanka ba.

A Mayun 2025 Majalisar Zartarwa ta amince da manufar fifita kayan Najeriya da kamfanoninta a sayayyar gwamnati. A ganina tayi ne mai kyau ga wanda ya shirya. Sai dai ƙofar shiga takardu ce: rajistar CAC, shaidar haraji ta shekara uku, takardun PenCom, ITF da NSITF, rajista a rumbun BPP, da rantsuwar kotu. Mai jarin miliyoyi a Dei-Dei ko Mile 12 da ba shi da ko ɗaya zai ci gaba da zama a bayan mai jaka da takardu. Ƙungiyoyin kasuwanninmu za su iya rajistar kamfani su ɗauki akanta ɗaya, kuɗin bai kai bashi guda da ya maƙale ba.

Kafin nan, in an zo maka da takardar aiki, ka nemi shafin sharuɗɗa na musamman, ka ba wanda ya iya ya karanta maka. Ka duba ko sunan kamfanin ya dace da mai karɓar kaya. Ka je ma'aikatar ka tabbatar aikin na gaske ne, don takardun bogi suna yawo. Sannan ku rubuta taku yarjejeniyar gaban shaidu, da ranar biya a rubuce, wadda ba ta rataya a kan ranar da gwamnati za ta saki kuɗi ba.