Farin doki, farar riga: Bahaushe da sifar Jamusanci

A nan Springfield ta jihar Virginia ina yawan haɗuwa da yaranmu masu shirin ƙarin karatu a Jamus, saboda akasarin jami'o'in gwamnati a can ba sa karɓar kuɗin makaranta. Wasu kan hau jirgin ƙasa daga tashar Franconia-Springfield zuwa cibiyar Goethe da ke Washington. Kukansu ɗaya ne: ƙarshen sifa. Yau guter, gobe guten, jibi gutem.

Ni ina ganin laifin na hanyar da suke bi ne. Ta Turanci suke shiga Jamusanci, alhali a Turanci sifa ba ta motsi. Mu kuwa tun muna goye muke cewa farin doki, farar riga, fararen dawaki. Sifarmu tana bin jinsi da adadi, ba wanda ya zaunar da mu ya koya mana. Har ma rana mace ce a harsunan biyu, die Sonne, wata kuma namiji, der Mond. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da suka yi Faransanci sun san can akasin haka ne.

Sabon abu shi ne matsayin suna a jimla, kuma guda 4 ne: aikau, karɓau, wanda aka yi wa ko aka ba, sai mallaka. Littattafai kan zana jadawali 3, kowane da gida 16, jimilla 48, ɗalibi ya gani gabansa ya faɗi. To amma ɗafa-ƙeyar duka 5 ce: -e, -en, -er, -es, -em.

Ga yadda nake bayyana musu. Alamar jinsi da matsayi kaya ce, dole wani ya ɗauka. In ƙaramar kalmar da ke gaba ta ɗauka, sifa ta huta: der gute Mann, den guten Mann, mit dem guten Mann. A wannan jadawalin gida 5 ne kacal ke da -e, sauran 11 duk -en. In kuwa kalmar gaban ba ta nuna komai ba, kamar ein, ko babu ita sam, sai kayan su koma kan sifa: ein guter Mann, mit kaltem Wasser.

Inda Hausa ba za ta cece ku ba shi ne jinsi na uku. Ruwa namiji ne a wurinmu, amma das Wasser ba namiji ba mace, haka ma das Mädchen, wato yarinya. Wannan sai hadda, kowane suna tare da der, die ko das ɗinsa tun ranar farko, domin takardar shaidar B1 da ake nema wajen zama ɗan ƙasa tana da jarrabawar rubutu.