Wasa Ko Raini?

Akwai wata hujja da ta zama ruwan dare a bakin 'yan boko, har a nan Samarun Kataf. Da zarar an tsawata wa wani a kan ba'ar da yake yi wa wata ƙabila, sai ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Ai ko Turawa ma suna yi." Wannan hujja ba ta da ƙafafu, kuma za mu faɗi dalili.

Gaskiya ne suna yi. Mutumin Ingila na kiran Bafaranshe kwaɗo saboda yana cin cinyar kwaɗo, shi kuma Bafaranshe ya kira shi gasasshen naman sa. Ana yi wa Bajamushe tsiyar rashin raha, mutumin Sikotilan kuwa rowa. Amma ko kusa ba mu bukatar darasi daga Turai a wannan fage. Bafulatani da Babarbare, Bakano da Bazazzagi, Bagobiri da Bayarabe, Bakatsine da Banufe, duk abokan wasa ne tun kaka da kakanni. Kowa na ce wa ɗan'uwansa bawa, a ƙyaƙyata, a rabu lafiya, idan watan cika-ciki ya kama a bi kuɗin shara. Sirrin abin shi ne kowane ɓangare yana da bakin ramawa, kuma ya yarda da wasan.

To, masu kafa hujja da Turawa, me ya sa ba su ambaton Ayalan? A ƙarni na 19, lokacin da Ingila ke mulkin ƙasar, mujallar Punch ta Landan ta sha zana mutanenta da kamannin biri. A ƙarnin nan ne yunwar da ta fara a 1845 ta kashe musu kimanin mutum miliyan ɗaya. Mai zanen ya yi dariya, ba shakka. Wanda aka zana fa?

Irin wannan dariya ce ake yi idan aka kira gurɓatacciyar Hausa gwaranci, ko aka jera labaran wautar Bagwari, alhali mutumin da ake nufi sunansa Gbagyi, kuma ya koyi harshenmu ba mu koyi nasa ba. Haka wanda zai dage da Kataf da Kaje da Jaba cikin izgili, bayan masu sunan sun ce su Atyap ne, Bajju ne, Ham ne. Yaushe aka ƙulla wasa da su? Wa ya taɓa biyan su kuɗin shara?

Ba mu ce ba'a ce ta ƙona Kafancan a 1987 ba, ko Zangon Kataf a 1992. Can akwai rikicin addini, da na kasuwa, da na ƙasa da sarauta. Sai dai mutanen da suka ga waɗannan ranaku da idanunsu suna nan da ransu, 'ya'yansu kuma aji ɗaya muke zama da su, da Hausa muke gaisawa, kuma suna jin kowace kalma.