Ra'ayinmu: Kada A Haɗa Baki Da Mu A Cinye Uwar Kuɗin Jagabannin Nubiya

Kafin ranar 15 ga watan Afrilu na shekarar 2023, da zarar zafi ya sauka a ƙasar Sudan, wato daga wajen Nuwamba zuwa Maris, akwai wani irin ayari da yakan tashi daga Khartum ya nufi arewa, wanda bai ɗauko goro ko kanwa ko atamfa ba. Motoci ne masu keta rairayi, ɗauke da baƙi daga Turai da sauran sassan duniya, da direbobi, da mai dafa abinci, da kuma jagaba, wato mutumin da aikinsa shi ne ya nuna hanya ya kuma ba da labarin duk kangon da aka tsaya a gabansa. Sukan yi mako guda ko biyu suna bin gaɓar kogin Nilu, su ya da zango a Tsohuwar Dongola, su wuce Karima da dutsen Barkal, su shiga hamadar Bayuda su ga gidan 'yan zuhudu na Ghazali, sannan su ɓullo ta dalolin Bajarawiya su koma gida. Yaƙin da ya ɓarke a wannan rana tsakanin sojojin gwamnati da dakarun RSF ya tsayar da wannan ayari cak.

Mai karatu zai iya cewa, to ina ruwan ɗan kasuwar Adire ko Abeshe ko Kusiri ko Gallabat da yawon buɗe idon Turawa a kangayen majami'u? Da ruwansa, domin kayan da ake zuwa kallo a waɗannan wurare an sace da yawa daga cikinsu, kuma kayan sata ba su da fiffike. A mota suke tafiya, a ƙarƙashin buhu, ta kan iyakokin da muke neman abincinmu.

Ya kamata mu fara da sanin abin da baƙin nan suke biyan kuɗi su gani. Mutane da yawa a cikinmu sun ɗauka cewa addinin Kirista ya shigo Afirka ne tare da Turawan mulkin mallaka. A yankinmu na yamma ana iya faɗin haka, amma a kwarin Nilu labarin ya girmi wannan da fiye da shekara dubu. A wajen shekarar 543 wani mai wa'azi da ake kira Yuliyanus ya iso masarautar Nobadiya, wadda babban birninta shi ne Faras, kusa da iyakar Masar da Sudan ta yanzu. Sarauniya Tiyodora ta Rumawan gabas ce ta aiko shi daga Kustantiniya, birnin da ake kira Istanbul a yau. Marubucin wannan zamani, Yohanna na Afisa, ya ba da labarin cewa mijinta, sarki Justiniyan, shi ma ya tura nasa 'yan aiken masu wata aƙida dabam, sai ta sa gwamnan kudancin Masar ya yi ta jan ƙafa da su har nata suka riga su isa. Ashe yi wa abokin hamayya shinge a kan iyaka ba yau aka fara ba. Bayan Yuliyanus sai bishop Longinus ya zo a wajen 569, kuma a 580 ya ratsa hamadar gabas, raƙumansa suna mutuwa saboda zafi, ya isa masarautar Alwa mai hedkwata a Soba, a bakin shuɗin Nilu, kilomita kamar 20 daga Khartum ta yau. Masarauta ta uku, Makuriya, mai birni a Dongola, ita ma ta karɓi addinin a cikin wannan ƙarni.

Abin da ya fi jan hankalinmu a tarihin nan, a matsayinmu na masu fatauci, shi ne abin da ya faru a shekarar 652. Rundunar Musulmi daga Masar ƙarƙashin Abdullahi ɗan Sa'ad ɗan Abi Sarh ta kewaye Dongola, ba ta ci garin ba, aka ƙare da yarjejeniyar da ake kira Baƙt. Ba za mu ɓoye ba, akwai mummunan sharaɗi a cikinta, na ba da bayi 360 duk shekara. Amma ta tanadi cewa mutanen kowane ɓangare suna iya shiga ƙasar ɗaya su wuce lafiya a matsayin matafiya, kuma ta yi aiki na wajen shekara 600. Da wuya a sami wata yarjejeniyar kan iyaka da ta yi irin wannan tsawon rai. A Tsohuwar Dongola, kimanin kilomita 80 kudu da Dongola ta yanzu, akwai wani dogon ginin bene da sarakunan Kirista suka gina, wanda a shekarar 1317 sarki Saifuddin Abdullahi Barshambu ya mayar masallaci. Gini ɗaya ne, amma Kirista da Musulmi kowa yana da abin da zai tsaya ya duba a cikinsa. Kusa da nan kuma akwai majami'ar Banganarti, inda masu ziyara na wancan zamani suka bar ɗaruruwan rubuce-rubuce a bango, kowa da sunansa da addu'arsa. Wato harkar ziyara a wannan yanki ta daɗe ƙwarai, kuma duk inda masu ziyara suka taru, dole a sami mai masauki da mai abinci da mai jirgin fito.

Faras kuwa tana ƙarƙashin ruwa. Lokacin da Masar take gina babbar madatsar ruwa ta Aswan, hukumar UNESCO ta yi kira a 1960 a ceto abin da za a iya ceta. Masana daga ƙasar Polan ƙarƙashin Farfesa Kazimierz Michalowski suka haƙo babbar majami'ar garin daga cikin rairayi tsakanin 1961 da 1964, suka ɓamɓaro zane-zanen bango sama da 100 kafin ruwa ya iso. An raba su biyu, fiye da 60 suka tafi birnin Warso, sauran aka kai gidan adana kayan tarihi na ƙasa da ke Khartum, wanda aka buɗe a 1971. A da, a wannan gida ne jagabanni suke fara yi wa baƙinsu bayani kafin a kama hanya.

Wannan gida shi ne ya faɗa hannun dakarun RSF a 2023. A watan Satumba na 2024 aka sami rahotannin cewa an kwashe kaya daga cikinsa da manyan motoci, har UNESCO ta fito ta roƙi jama'a da dillalan kayan tarihi na duniya da su guji saye ko shigo da duk wani abu irin wannan daga Sudan. Da sojoji suka sake karɓe Khartum a watan Maris na 2025, ma'aikatan gidan sun koma sun tarar da akwatunan gilashi a farfashe, ɗakunan ajiya a wawushe. Hukumomin Sudan sun ɗora laifin a kan RSF, sun kuma ce an fitar da wasu kayan ta kan iyakokin ƙasar. Gidajen tarihi na Niyala da Janaina su ma ba su tsira ba, kuma kowa ya san tazarar da ke tsakanin Janaina da Adire ba ta kai ta tashi a sha ruwa ba.

Maƙwabciyarta Habasha ta riga ta ɗanɗana irin wannan. A can ma akwai tsohuwar hanyar masu ziyara, wadda masu shigowa ta ƙasa daga Sudan sukan kama ta Gallabat da Matama su hau zuwa Gondar. Ita ta ma girmi ta Nubiya, domin tun a ƙarni na 4 wani saurayi mutumin Taya mai suna Firumentiyus, wanda aka kama a wani jirgin ruwa a Bahar Maliya, ya yi sanadin da sarki Ezana na Aksum ya zama Kirista, har aka canza tambarin kuɗin ƙasar aka sa gicciye. Jagabanni sukan kai baƙi Aksum, da Debre Damo inda sai da igiyar fata ake hawa dutsen, kuma a wannan zagaye sukan tsaya a Negash, wurin masallacin da ake dangantawa da Najjashi, sarkin Kiristan da ya ba Sahabban Manzon Allah (SAW) mafaka a hijirar farko a wajen 615. Yaƙin Tigirai na 2020 zuwa 2022 bai bambanta ba: an kashe mutane a Aksum, an lalata wani sashe na masallacin Negash, Debre Damo ma ya taɓu, daga baya kuma aka riƙa ganin tsofaffin littattafan fata na Habasha ana tallarsu a intanet.

A ganinmu, duk ɗan kasuwa ya fi kowa sanin bambancin uwa da riba. Kango da abin da ke cikinsa su ne uwar kuɗi. Ribar ita ce abin da jagaba da direba da mai gadi da mai shayi da mai raƙumi da mai sayar da fetur suke samu duk shekara idan baƙi sun zo. Wanda ya ɓalle gicciyen tagulla ko ya yanko zane daga bango ya sayar, ya ci kuɗin sau ɗaya ne, sannan ya rufe ƙofar abincin mutanen garin har jikokinsu, domin babu baƙon da zai biya kuɗin jirgi ya zo kallon ramin da aka bari. Mutanen Agadas ba sa bukatar a yi musu dogon bayani. Sun ga yadda maƙeran azurfa da direbobi da masu masauki suka shiga wani hali bayan tawayen 2007 ya kori baƙi, alhali su kayansu na nan ba a sace ba. To ina ga wanda aka kore masa baƙi aka kuma kwashe abin da suke zuwa gani?

Ba mu ce harkar tana tafiya daidai kafin yaƙi ba. Kaso mai tsoka na kuɗin yana tsayawa ne a hannun kamfanonin shirya tafiya na waje da na babban birni, yayin da mutumin ƙauyen da kangon yake bayan gidansa yakan tashi da abin da bai taka kara ya karya ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mutumin da bai taɓa cin moriyar wuri ba, da wuya ya sa ransa a kan gadinsa. Masu neman zinariya da na'urar gano ƙarfe su ma sun yi nasu ta'adin, kamar yadda aka gani a Jabal Maragha a 2020, inda aka shiga da motocin haƙa aka baje wani tsohon wuri mai shekara kusan dubu biyu. Duk ranar da ƙura ta lafa, ya wajaba hukumar kula da kayan tarihi ta Sudan ta sa sharaɗin ɗaukar jagabanni daga cikin 'yan garin, a horar da su, a kuma ware wa garin kasonsa daga kuɗin shiga. Muna kuma ganin akwai gurbi ga 'yan'uwanmu Hausawan Sudan, waɗanda suke zaune a Mai Wurno da Gadarif da Kasala fiye da shekara ɗari, tun bayan hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903. Suna jin Larabci da Hausa. Nijeriya tana da hukumar da ke kai Kiristoci ziyara Isra'ila da Jodan, cikinsu da masu jin Hausa da yawa, kuma ba mu ga dalilin da zai hana wata rana a kai su Dongola da Aksum ba, tunda tarihin nasu ne kuma a nahiyarsu yake.

Amma wannan maganar gobe ce. Ta yau ita ce ta abin da ke ratsa kasuwanninmu. Ya kamata a bambanta tsakanin 'yar gudun hijirar da ta cire awarwaronta na zinariya ta sayar don ta ciyar da 'ya'yanta, wadda haƙƙinmu ne mu saya da farashin gaskiya ba tare da mun ci da guminta ba, da kuma dillalin da zai ja ka bayan rumfa ya nuna maka hoto a WhatsApp: ƙaramin gunki na dutse, ko tukunya mai zane, ko tsohon tsabar kuɗi, ko fata mai rubutun da ba Larabci ba ne ba boko ba, ko wani abu mai lamba da aka rubuta da tawada a gindinsa. Wannan lamba galibi ta gidan adana kayan tarihi ce. Wanda ya saya ya sayi ɗayan biyu: ko jabu, ya yi asarar kuɗinsa, ko na gaske, ya ɗauki kayan sata da hukumar 'yan sandan duniya ta Interpol ke iya bin sawunsa. Yarjejeniyar UNESCO ta 1970 ta ba ƙasar da aka yi wa sata damar neman a mayar mata da kayanta, kamfanin Facebook ma ya haramta tallar irin waɗannan kaya tun 2020. Babban mai sayen yana zaune a wani birni mai nisa ba wanda ya san fuskarsa. Wanda ake kamawa a shinge shi ne direba da yaron mota da mai kayan da aka ɓoye abin a cikin buhunansa.

Mun ga irin wannan a gida. Gumakan Nok na Nijeriya, da na Bura na Nijar, da na Sao na gaɓar tafkin Chadi, haka aka yi ta fitar da su har sai da aka sa su cikin jerin kayan da aka hana cinikinsu na ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya a shekarar 2000. Ƙauyukan da aka haƙo su ba su yi arziki ba.

Saboda haka muna kira ga sarakunan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi da 'yan kamasho, tun daga Gallabat har Adire da Kusiri, da su sanar a fili cewa duk wanda aka samu da irin wannan kaya ƙungiya ba za ta tsaya masa ba. Direba kada ya karɓi saƙon da aka ɗaure aka ce kada ya buɗe. Mai masauki ya san abin da baƙonsa ya ajiye a ɗakinsa. Jami'an duwan da jandarmomi kuwa, a ba su hotunan irin kayan da ake nema, a manna su a ofisoshin kan iyaka cikin Larabci da Faransanci da Hausa, kuma duk abin da aka kama a rubuta shi a gaban shaidu a ba da takarda, domin kada ya fita ta ƙofar gaba ya sake komawa kasuwa ta ƙofar baya. Wanda kuma ya riga ya saya cikin rashin sani, gwamnatocinmu su buɗe masa hanyar da zai miƙa wa hukuma ta hannun sarkin kasuwa ba tare da an ɗaure shi ba.